Karfasa da 'Yan'uwanta a Cikin Akwatin Gilashi

Mu mutanen ƙasar Daura yawancinmu ba mu san kifi ba sai a cikin miya, ko kuwa a faranti wurin mai suya. Dalili kuwa shi ne ƙasarmu ba ta da manyan koguna. Ɗan ɗanyen kifin da muke samu yana fitowa ne daga madatsun ruwa irin na Daberam da Sabke, ko daga tafkuna in damina ta yi albarka, busasshe da na banda kuwa akan kawo shi daga nesa, kamar wajen Haɗejiya da Nguru da tafkin Chadi. Saboda haka in ka ce wa dattijo za ka ajiye kifi a ɗaki don kallo kawai, ba don ci ba, sai ya dube ka ya yi murmushi, ya ce lalle yaron nan ba shi da aikin yi.

Amma duk da haka abin yana shigowa. Wanda ya je hutu Kano ko Katsina ya ga akwatin gilashi cike da ruwa a wani otal ko gidan wani mai hali, kifaye suna kai da kawowa a ciki, da wuya ya dawo bai yi sha'awa ba. Sai ka ga yaro ya samo 'yan kifaye shida ya zuba a kwalba ko a bokiti. Ɗayan biyu ne ke faruwa. Ko dai gari ya waye ya tarar da su duka sun juya ciki sama, ko kuwa bayan mako guda ya ga saura ɗaya tak, ya yi ɓul-ɓul, sauran biyar ɗin babu ko ƙashinsu. Na farko laifin ruwa ne, zan zo kansa. Na biyu kuwa rashin sanin irin kifin da aka riƙe ne, kuma da shi zan fara, domin wanda bai san abin da ya ajiye ba, ba zai san abin da zai ba shi ya ci ba, balle wanda zai haɗa shi zama da shi.

Kifin da ya fi sauƙin samu a wurinmu shi ne karfasa, wadda wasu ke kira gargaza. Masana ilimin halittu sun sa ta a cikin wani babban dangi na kifaye da suke kira sikilid. An riga an ba fiye da iri 1,600 suna a cikin wannan dangi, kuma har yanzu ana gano sababbi. Mafi yawansu a Afirka suke, musamman a manyan tafkunan gabas, watau Malawi da Tanganyika da Biktoriya, sa'an nan akwai wasu ɗaruruwa a Amurka ta Kudu da ta Tsakiya.

Gane ɗan wannan dangi ba shi da wuya, ko a kasuwa kana iya gwadawa kafin a soya. Ka duba hancinsa. Yawancin kifaye suna da ƙofar hanci biyu a kowane gefe, amma shi ɗaya ce kurum a dama, ɗaya a hagu. Sa'an nan ka duba gefen jikinsa, za ka ga wani siririn layi kamar ɗinkin allura, wanda da shi ne kifi yake jin motsin ruwa. A wurin sauran kifaye layin nan yakan miƙe tun daga kai har wutsiya, amma a wurin sikilid ya katse gida biyu, na sama ya tsaya kafin ya kai ƙarshe, wani ya tashi daga ƙasa da shi ya ƙarasa zuwa wutsiya. Fiffiken bayansa kuma guda ɗaya ne dogo, gabansa ƙayoyi masu tsini, bayansa mai taushi. Duk wanda ya taɓa gyaran karfasa ya san ƙayoyin nan, don ba su da kunya. Akwai kuma wani abin mamaki da ba a gani sai an tsaga, watau waɗansu haƙora na biyu a can cikin maƙogwaro, da su yake niƙa abinci bayan baki ya kamo.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Abin da muke tarawa mu kira karfasa ba iri ɗaya ba ne, kuma halinsu ya sha bamban ƙwarai.

Ta farko, wadda ta fi shahara, ita ce karfasar kogin Nilu, wadda masana ke kira Oreochromis niloticus. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus shi ya fara rubuta bayaninta a 1758. Alamarta tana a wutsiya. In ka buɗe wutsiyar ka ɗaga ta wajen haske, za ka ga sirara-siraran layuka baƙaƙe a tsaye, a jere kamar zanen saƙi. Tana iya kai santimita 60 a babban ruwa, ko da yake waɗanda muke gani a kasuwa ba su cika wuce taƙi ɗaya ba. Abincinta gansakuka ne da 'yan ƙananan tsirrai masu sa ruwa ya yi kore. Ita ce aka fi kiwo a duniya a cikin karfasoshi, kuma tun zamanin Fir'aunoni, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, Misirawa sun zana ta a bangon kaburburansu tana iyo a tafkunan lambu.

Yadda take haihuwa shi ne abin da ya fi cancanta a kalla, kuma a ganina shi kaɗai ya isa ya sa mutum ya ajiye ta. In lokaci ya yi, namijin sai launinsa ya ƙara haske, kansa da wutsiyarsa su yi ja-ja, ya zaɓi wuri a ƙasan ruwa ya shiga kwasar yashi da baki yana tofarwa gefe, har ya yi rami mai fasalin ƙwarya. Daga nan ba wanda ya isa ya kusanci wurin. Macen ta zo ta zuba ƙwai a ramin, shi ya bi ya barbare su, ita kuwa nan take ta kwashe su duka a baki ta yi tafiyarta. Ƙwan yakan kai ɗaruruwa. A cikin bakin nan za su ƙyanƙyashe, kuma za ta riƙe su kusan mako biyu, ba ci, sai dai ta riƙa juya su a hankali don ruwa mai iska ya ratsa su. Ko bayan ta sake su, in suka ji motsin abin tsoro sai su ruga su koma bakin uwar, ta rufe. Wanda bai sani ba in ya gani sai ya ce cinye 'ya'yanta take yi. Don haka in ka ga karfasarka ta daina cin abinci, ƙasan haɓarta ya kumbura, ta koma lungu ita kaɗai, kada ka ce ciwo ne ka sa hannu ka kamo ta, domin in ta firgita tofar da ƙwan za ta yi.

Ta biyu ita ce mai jan ciki. An daɗe ana kiranta Tilapia zillii, amma tun 2013 masana suka mai da ita Coptodon zillii. Wutsiyarta ba ta da layukan nan a jere. Abin da take da shi shi ne ja a maƙogwaro da ciki, musamman lokacin haihuwa, da kuma wani baƙin ɗigo a ƙarshen fiffiken baya. Gaskiya ne dukan 'ya'yan karfasa suna da wannan ɗigo suna ƙanana, amma na sauran yakan ɓace in sun girma, nata kuwa yakan daɗe. Ita ba ta ɗaukar ƙwai a baki. Liƙa shi take yi a jikin dutse ko a rami, uwa da uba su tsaya gadi tare suna yi masa fifita da fiffike. Ganye take ci, saboda haka in ka wahala ka dasa tsirrai a akwatinka don ado, ka saka ta, to ka yi mata shuka ne. A lokacin gadin ƙwai kuwa faɗa gare ta kamar kaza mai 'ya'ya.

Ta uku fara ce, mai faɗin jiki da ƙaramin baki, sunanta Sarotherodon galilaeus. Ta samo sunan daga tafkin Galili na Gabas ta Tsakiya, wanda Larabawa ke kira Ɗabariyya, don a can ma akwai ta. Ta fi sauran haƙuri, kuma a wurinta uwa da uba duka suna ɗaukar ƙwai a baki.

Akwai na huɗu, kuma shi ne ɓarawon da ke cikin gida. Masana suna ce masa Hemichromis fasciatus, ni kuwa bari in kira shi mai tabo biyar, domin manyan baƙaƙen tabo biyar ne jere a gefen jikinsa. Ana samunsa a kogunan Afirka ta Yamma da yawa, har da Kwara da Binuwai da ruwayen da ke gangarawa tafkin Chadi. Yana ƙarami, in an kwaso shi a cikin koma tare da 'ya'yan karfasa, sai mai lura ne zai ware shi. Amma ka dubi jikinsa, ya fi na karfasa tsawo da sirantaka, bakinsa ya yi tsini kuma yana da faɗi in ya buɗe. Wannan ba bakin kiwo ba ne, na farauta ne. Bai cika wuce santimita 25 ba, amma duk kifin da zai shiga bakinsa abinci ne. Masu kiwon kifi a tafki har da gangan sukan saka shi don ya rage musu 'ya'yan karfasa in sun yi yawa. A akwatin gilashi kuwa, haɗa shi da ƙananan kifaye daidai yake da ba kura ajiyar nama.

Wanda ke son ya ƙara bincike a kan kifayen ƙasarmu, akwai wani littafi da Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta buga a 1967 mai suna Fish and Fisheries of Northern Nigeria, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa, kusa da tafkin Kainji.

Yanzu bari mu ƙetare teku, domin mai tabo biyar yana da wani ɗan'uwa a can da ya fi shi ƙwarewa a wannan sana'a, kuma masu ajiye kifi a Turai da Amurka da Japan suna kashe kuɗi mai yawa a kansa. A kogunan Amurka ta Kudu yake, kamar Amazon da Orinoko da Parana. Turawa suna kiransa sikilid mai kama da paik, shi paik ɗin kuwa wani dogon kifi ne mafarauci na ƙasashen sanyi. Wani masani na birnin Biyana mai suna Johann Jakob Heckel ya raɗa wa jinsin suna Crenicichla a 1840. In ka gan shi ba za ka yarda dangin karfasa ne ba, don jikinsa dogo ne mulmulalle kamar taɓarya, leɓen ƙasa ya ɗan zarce na sama. Amma ka duba hancinsa da layin gefensa da fiffiken bayansa, za ka tarar da alamun nan uku cif. Mai karatu zai ce, yaya aka yi dangi ɗaya ya rabu tsakanin Afirka da Amurka? Masana ilimin ƙasa sun tabbatar da cewa nahiyoyin biyu a haɗe suke da can, suka rabu kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Game da kifin kuwa suna da saɓani, waɗansu sun ce rabuwar ƙasa ce ta raba su, waɗansu sun ce daga baya ne kakanninsu suka ƙetara.

Irinsa ya kai wajen 100, kuma gane su aiki ne ja, har ga masana. A 2023 wasu masu bincike suka sake duba su duka, suka raba tsohon jinsin gida-gida. Uku daga cikin gidajen nan su ne mai ajiye kifi ya fi cin karo da su. Akwai ƙanana da aka sa wa suna Wallaciia, waɗanda da yawansu ba su wuce tsawon yatsa ba. Sun ci sunan wani Bature ne, Alfred Russel Wallace, wanda ya yi yawon bincike a yankin Amazon daga 1848 zuwa 1852. A kan hanyarsa ta komawa Ingila jirgin ruwansu ya kama wuta, kusan dukan abin da ya tara ya ƙone, amma zanen kifayen da ya yi yana cikin ɗan abin da ya tsira da shi. Akwai matsakaita, Saxatilia, waɗanda ake ganewa da baƙin tabo a kafaɗa, bayan marfin kunne, namijin kuma yakan yi 'yan ɗige-ɗige masu ƙyalli a jiki. Sa'an nan akwai manya, Lugubria, masu wuce santimita 30, ɓawon jikinsu ƙanana ƙwarai har jikin ya yi santsi.

Mai son gane su yakan duba abu kamar huɗu: ko akwai tabo a kafaɗa, ko akwai baƙin zane a ƙarƙashin ido kamar an ja kwalli, yaya tabon gindin wutsiya yake, da kuma girman ɓawo. Mace takan fi sauƙin ganewa, domin in ta isa haihuwa cikinta yakan yi ja ko ruwan hoda, a cikin ƙananan kuma takan sami baƙin ɗigo mai farin zobe a fiffiken baya. Babbar matsalar ita ce 'ya'yan manyan ba su kama da iyayensu. Suna ƙanana suna da layuka a tsawon jiki da ɗige-ɗige a kai, suna yawo tare lafiya lau kamar 'yan makaranta, in sun girma sai zanen ya sake sarai, halin ma ya sake. Mutum ya sayi ɗan kifi mai tsawon yatsa yana zaton ƙaramin iri ne, bayan shekara guda ya ga abu ya doshi kamu ɗaya, ya share duk abin da ke cikin akwatin, yana neman abokin faɗa.

Ƙananan suna iya zama a ruwa lita 100. Manyan kuwa sai akwati mai tsawon mita ɗaya da rabi ko fiye, mai cin lita 400 zuwa 500, watau jarka 16 zuwa 20 ta mai garuwa in mai lita 25 ce. Nama suke ci, kifi da jatan lande da ƙwari. Suna son kogo da saiwar itace inda za su laɓe, a rufin kogon ne ma macen take liƙa ƙwanta. Waɗansunsu daga kogin Negro suka fito, wanda ruwansa baƙi ne kamar shayi saboda ruɓaɓɓen ganye, yana da tsami kuma kusan babu gishirin ƙasa a cikinsa, don haka ba kowane ruwan rijiya ko na burtsatse ne zai karɓe su ba. A ra'ayina ɗalibin Daura ba shi da dalilin wahalar da mahaifinsa a kan wannan kifi. Duk abin da za a kalla a wurinsa, da farauta, da gadin gida, da renon 'ya'ya, da sake launi, akwai shi a wurin namu, kuma namu ya saba da ruwanmu da zafinmu.

Sai maganar akwatin kansa. Lissafinsa mai sauƙi ne, mun yi irinsa a aji. Ka auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne lita. Alal misali akwati mai tsawon 90, faɗi 40, zurfi 40, zai ci lita 144, kusan jarka 6 ke nan. Kowace lita kuwa nauyinta kilo ɗaya ne, ashe ruwan kaɗai ya kusa nauyin buhun siminti 3. Ina roƙon 'yan'uwana su yi wannan lissafi kafin su ɗora shi a kan teburin karatu ko kan kabad ɗin Inna. Masu yankan gilashin taga suna iya haɗa shi, amma kaurin gilashin kada ya gaza milimita 6, in an sami 8 ya fi, a liƙe da gam ɗin silikon wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, don wannan magani guba ne ga kifi. A bar shi kwana 3 ya bushe, a fara cika shi a tsakar gida a ga ko yana yoyo. Wanda ba shi da halin gilashi, babbar roba ko rabin durom na roba wanda bai taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari ba ya wadatar, sai dai daga sama zai riƙa kallo. Akwati irin wannan mai lita 144 zai ɗauki 'yan karfasa 4 ko 5 masu tsawon yatsa na 'yan watanni, ko kuwa mai tabo biyar guda ɗaya shi kaɗai.

A zuba wankakken yashi a ƙasa, a sa duwatsu da fasassun tukwane. Wannan ba ado kaɗai ba ne. Sikilid kifi ne mai son mallakar wuri, in babu abin da zai kare idon mai ƙarfi daga ganin mai rauni, zai yi ta korarsa har ya mutu. A kafa duwatsun a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, don in sun yi tono kada dutse ya rufta. A kuma yi murfi mai ƙofofin iska, domin suna tsalle.

Abin da ya fi kashe kifin gida shi ne abin da ido ba ya gani. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta kunnensa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe shi yake zama. A tafki ruwa yana da yawa, ba ya taruwa. A kwalba kuwa kafin safiya ya isa kisa. Maganinsa waɗansu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zama a jikin yashi da duwatsu da soson matacin ruwa, su ne suke juya amoniya ta koma wani abu mai sauƙin illa. Amma kafin su yi yawa sai an yi mako 4 zuwa 6. Don haka sabon akwati ba a cika shi da kifi rana ɗaya. A fara da ɗaya ko biyu, a riƙa ba su abinci kaɗan. Kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, daga ƙasa inda datti yake, a mai da sabo. Ruwan da aka zuƙe kada a zubar, a ba zogale ko ɗan lambun gida, taki ne. Kuskuren da masu tsabta suke yi shi ne su kwashe kifin, su wanke akwati da yashi da sabulu tas, su zuba sabon ruwa gaba ɗaya. Sun kashe bakteriyar ke nan, sun koma farko, ga kuma sabulu. In ruwan famfo ne, a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni, don kilorin da aka sa masa ya fice.

Abinci ba wuya. Karfasa tana cin abincin kifi na kanti, tana cin ɗan dusa da garin ƙuli-ƙuli da ganyen zogale. Mai tabo biyar sai tana da gara da fara da tsutsar sauro. Abin da za su cinye cikin minti 2 ko 3 shi za a ba su, sau ɗaya ko biyu a rana. Ƙannenmu su ne abin tsoro a nan, don kowa ya wuce sai ya jefa loma ta tuwo saboda tausayi.

Yanayin ƙasarmu yana da nasa sharaɗi. Da bazara, wajen watan Afrilu, zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, ruwa kuwa in ya yi ɗumi iskar oksijin da ke cikinsa raguwa take yi. Lita ɗaya tana riƙe kimanin miligiram 9 a digiri 20, amma a digiri 35 sai wajen 7, alhali a lokacin ne kifi ya fi bukatarta. In ka ga sun taso sama suna haƙi da baki, alamar ke nan. Akwai ɗan injin hura iska, har da mai batir da mai aiki da hasken rana, wanda ya fi dacewa da mu tun da wuta takan ɗauke. In babu, a rage yawan kifi, a ɗebi ruwan da kofi a riƙa kwararo shi daga sama. Kada a ajiye akwatin inda rana ke dukansa. Da hunturu kuma akasin haka ne. Karfasa ta fi jin daɗi tsakanin digiri 25 da 30, in ya sauka ƙasa da 20 sai ta rage ci, wajen 11 ko 12 kuwa mutuwa take yi. Ruwa kaɗan yana saurin yin sanyi, saboda haka a watannin Disamba da Janairu a shigar da shi ɗaki, a lulluɓe da tsohon bargo da dare.

Ga iyayenmu ina da magana ɗaya, ita ce ta wurin samo kifin. Kada a bar yara su shiga dam ko kududdufi da sunan kamun 'ya'yan kifi. Ban da haɗarin nutsewa, akwai tsargiya, wadda tsutsarta ke fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba, sai daga baya a ga fitsarin jini. Gara a je wurin masunta da sassafe da bokiti mai murfi, a roƙe su su ware ƙanana masu rai, ko a saya wurin masu kiwon kifi. Masunta sun fi kowa sanin kifin ruwansu, in ka yi musu ladabi za su nuna maka bambancin da babu shi a littafi. In an kawo ƙainuwa ko wani tsiron ruwa, a duba shi sosai a cire dodon koɗin da ya maƙale. In an iso gida kada a juye kifin kai tsaye, a riƙa ƙara ruwan akwatin a bokitin kaɗan-kaɗan har rabin sa'a, sa'an nan a sake su.

Karfasa takan isa haihuwa tana da wata 5 ko 6, kuma a wuri matsattse tun tana ƙarama take farawa, saboda haka wanda ya iya riƙonta ba da daɗewa ba zai rasa inda zai sa 'ya'ya. Wannan mai sauƙi ne, a raba wa abokai, manyan kuwa tukunya tana jiransu. Baƙon kifi shi ne ba a yi wa haka da garaje, kuma ko kusa ba a kai shi dam a sake don an gaji da shi. Giwan ruwa kifinmu ne, yana zaune a Kwara da tafkin Chadi tun fil azal tare da sauran kifaye. Amma a shekarun 1950 aka ɗauke shi aka zuba a tafkin Biktoriya, wanda ke tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya, inda babu shi da can. Tafkin yana da sikilid wajen iri 500 waɗanda babu su ko'ina a duniya sai nan. Zuwa shekarun 1980 giwan ruwa ya cika tafkin, kuma masana sun ƙiyasta cewa kimanin iri 200 daga cikinsu sun ɓace. Daberam da Sabke ba su kai ko kusa da girman wannan tafki ba, kuma akwai gidaje da yawa da cefanensu yake fitowa daga karfasar da ke ciki. Wanda baƙon kifinsa ya fi ƙarfin akwatinsa, sai ya mayar wa wanda ya sayar masa, ko ya nemi wani mai babban akwati ya ba shi.